Kafin ka kai kuɗin Baba kasuwar laftof

Tunda na fara digiri na biyu a fannin fim, ƙannenmu ke turo min hoton laftof suna cewa, "Yaya, Core i7 ce, za ta ɗauki After Effects?" Wallahi wannan tambarin i7 ɗin ya cinye kuɗin mutane da yawa. I7 ta ƙarni na huɗu tun 2013 ta fito, ko Windows 11 ba ta yarda da ita a hukumance. Ka tambayi ƙarninta tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne RAM. Aikin siddabarun fim, wato cire koren kyalle a bayan jarumi, ɗora wuta ko hayaƙi, ba kamar kallon bidiyo ba ne. Manhajar tana buɗe kowane hoto ne ta ajiye shi a RAM. Hoto ɗaya mai girman 1920 da 1080 ya kai kusan MB 8. A daƙiƙa ɗaya akwai hotuna 25, ka ga daƙiƙa goma kacal sun cinye wajen GB 2, tun ba ka ɗora komai a kai ba. Shi ya sa Adobe ke neman aƙalla GB 16, masu DaVinci Resolve kuma suka ce 32 in za ka taɓa Fusion a Windows. Mai GB 8 zai iya saka manhajar, ta buɗe lafiya lau, sai ranar da malami ke jiran aiki ta tsaya cak.

Kuma fa wasu siraran laftof ɗin RAM ɗinsu a manne yake da allo, ba a ƙarawa. Ko a Ikeja za ka saya ko a ina, ka sa a tabbatar maka akwai gurbin ƙari kafin ka biya.

Sai katin hoto. Intel UHD daga RAM ɗinka yake ɗiba. Nemi NVIDIA mai aƙalla GB 4 nasa na kansa. SSD kuma dole ne.

Abin da takardar kamfani ba za ta faɗa maka ba shi ne wutar hostel. Irin waɗannan na'urori in suna kan batir rage ƙarfi suke yi, ga zafi. Ni da dare nake fitar da aikina, in an kawo wuta, na ɗaga bayan laftof ɗin da littattafai biyu don ta sha iska.

In kuɗinka bai kai ba, kar ka ci bashi. Natron kyauta ce kuma ba ta da nauyi, Blender ma na da sashen haɗa hotuna. Nuke da manyan kamfanonin fim ke amfani da ita tana da ta koyo kyauta, iyaka ba ta fitar da abin da ya wuce 1080. Wanda zai je kasuwa ya turo min bayanan na'urar tukuna, in duba masa.