Sha-kauci a Kucheri

A kakar 1996, watan da aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato, sana'ata ɗaukar hoton biki da suna a ƙauyukan Tsafe. Wani aure ya kai ni Kucheri, a bakin titin Funtuwa zuwa Gusau. Wancan zamani mutum kan ratsa gonaki shi kaɗai da kyamara a wuya, ba fargabar kowa. Yau raina na ɓaci idan na tuna yadda hanyar nan ta koma.

A bayan gari akwai wata kaɗanya da kauci ya kama wa reshe, ya yi furanni jajaye, sirara kamar tsinken ashana. Wani ɗan tsuntsu ne ke zirga-zirga a kansu, bakinsa siriri a lanƙwashe, wutsiya da dogayen gashi biyu. Dattijon da ke da gonar ya ga na tsura ido.

"Sha-kauci ne, yaro. Shi ma za ka ɗauke shi?"

"In ya yarda, Baba."

Cikin inuwar ganye baƙi yake fitowa, kuma ba ya zama. Ya sauka, ya zura baki a fure, kafin ka ƙifta ya koma wani. Na taɓa ganin hotunan wasu 'yan tsuntsaye masu shan fure na nahiyar Amurka, waɗanda ke tsayawa cak a iska suna kaɗa fiffike fiye da sau 50 a daƙiƙa, an kama su da filashi. Babu irinsu a Afirka. Namu ya fi son ya taka reshe ya sha, amma dabarar ɗaya ce: hasken filashi na wucewa cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, shi ke daskarar da motsi.

Na hau turmin da aka kawo mini daga gida, na saita kyamara a kan fure guda, na jira. Baba ya riƙe filashin daga gefe da 'yar wayar da ta haɗa shi da kyamara, domin launin tsuntsun na sauyawa da inda haske ya bugo shi. Walƙiyar farko ta kore shi. Da ya dawo, ko a jikinsa.

Sai da aka wanke fim a Gusau na ga abin da ido ya kasa kamawa. Kore mai sheƙi tun daga kai har baya, ja a ƙirji, rawaya a gefe da gefe. Furen da ya taɓa ya tsage, garinsa ya bulbule masa goshi, wanda zai kai wa fure na gaba. Ashe da aikinsa kauci ke yin 'ya'ya.

Na kai wa Baba hoton. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Tabarakallah, shekara da shekaru muna tare, ban san haka rigarsa take ba." Da rani kuma ya sa jikansa ya hau ya sare reshen, don kauci na shanye itace, matan gidansa kuwa da man kaɗanyar nan suke cefane.