MASU GUDUN SANYI A JIRGIN RUWA

Yanzu da sanyin hunturu ya fara shigowa, ina so in ba ku labarin wasu mutane a ƙasar Amurka da suke guje wa nasu sanyin ta cikin ruwa. Na samo labarin ne a darasin labarin ƙasa, sannan na bi hanyar da yatsana a kan taswirar ɗakin karatunmu.

A gabashin Amurka akwai wata doguwar hanyar ruwa da ke bin gefen tekun Atlantika ta cikin ƙasa. Ba kogi ɗaya ba ne. Koguna ne da tafkuna da mashigai da aka haƙa, aka haɗa su wuri guda. Ana fara ƙirga tsawonta daga garin Nofok a jihar Bajiniya, kuma daga nan zuwa Mayami a jihar Fulorida kusan mil 1,090 ne. Duk shekara, wajen watan Oktoba da Nuwamba, masu ƙananan jiragen ruwa sukan kama wannan hanya su nufi kudu inda ake da ɗumi. Da yawansu tsofaffi ne da suka yi ritaya. Har laƙabi aka yi musu, wai tsuntsayen ƙanƙara.

Me ya sa ba sa bi ta tsakiyar teku? Saboda akwai wurare masu haɗari kamar gaɓar Hataras a Karolina ta Arewa, inda jirage da yawa suka nutse har ake ce wa wurin maƙabartar Atlantika. Kuma ba sa saurin tashi, domin lokacin manyan guguwoyin teku yana kamawa daga 1 ga Yuni har 30 ga Nuwamba. In ka yi gaggawa guguwa ta tare ka, in ka yi jinkiri sanyi ya cim maka.

Tafiyar tana son haƙuri. Jirgi mai tafiya a hankali yakan yi kamar mil 50 a yini, don haka sai a shafe makonni a hanya. Wasu gadoji sai an kira mai gadinsu ta rediyo, a jira ya ɗaga gadar kafin a wuce. Waɗanda ba a ɗagawa kuwa yawancinsu ƙafa 65 ne daga ruwa, jirgin da sandarsa ta fi haka tsawo ba zai shige ba. A jihar Jojiya teku na cikowa ta janye sau biyu a rana, wanda bai lura ba sai jirginsa ya kafe a cikin laka.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mashigin fadamar Dismal, mai tsawon mil 22. An fara haƙa shi a 1793, aka buɗe shi a 1805. Bayi baƙaƙen fata ne suka haƙa shi da hannu, suna tsaye cikin laka da sauro da macizai. Wasu bayin da suka gudu daga iyayengijinsu a cikin wannan fadama suka ɓuya. Yau mutane na wucewa ta nan suna shan shayi suna ɗaukar hotuna. Ina fata suna tuna waɗanda suka haƙa musu hanya.

Mu ma a gidanmu mun san tafiya kudu. Da an gama girbi yayana yake ɗaukar jakarsa ya tafi cin rani Legas, sai damina ta kusa yake dawowa. Lokacin tashinsa kusan ɗaya ne da na waɗancan masu jirage. Sai dai su hutu suke nema, shi kuwa kuɗin takin zamani da na littattafaina yake nema. Duk ranar da ya tafi, Inna ba ta iya cin tuwon dare.

Ina son wata rana in ga wannan hanyar ruwa da idona, in ga yadda ake ɗaga gada jirgi ya wuce. Kafin nan, addu'ata ita ce Allah Ya dawo mana da duk masu cin rani gida lafiya. Wassalam.

Daga wata ɗalibar aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida.