Na Nemi Tsibiri A Girka, Na Same Shi A Baturiya

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta labarin hutun da na yi bara, da abin kunyar da ya tona mini game da kaina.

Asalin maganar, wata rana muna zaune a ofis, aiki ya lafa, sai wani abokin aikina ya miƙo mini wayarsa, ya ce in dubi inda wansa mazaunin Ingila ya tafi shan iska. Na duba, sai ga wani gari a bisa ƙololuwar dutse, gidajensa farare fat, ga teku a ƙarƙashinsa shuɗi kamar ruwan baba a marina. Ya ce sunan wurin Santorini, ɗaya daga cikin tsibiran Girka, watau ƙasar da malamanmu su ka sani da sunan Yunan. Tun daga ran nan abin ya shiga raina. In na tashi aiki ba ni da abin karatu sai labarin ƙasar nan.

Ga kaɗan daga abin da na tsinta. Tsibiran Girka dubbai ne a cikin Bahar Rum, amma waɗanda mutane ke zaune a kansu ɗari biyu ne da 'yan kai. Mafi girmansu shi ne Karita, wanda na san sunansa a taswira tun ina makarantar Mishan. Lokacin zafinsu daga Yuni ne zuwa Agusta, daidai da daminarmu, sai dai su ruwan sama ba ya cika sauka musu a watannin nan. Shi ya sa Turawan arewa, waɗanda sanyi ya gallaba, su kan ɗunguma zuwa can, su kwanta a kan rairayi, su yi iyo, su koma gida. Mutanen ƙasar kimanin miliyan 10 ne, amma a shekarar 2019 baƙin da su ka ziyarce su sun haura miliyan 30. Abin mamaki kuma, Santorini ɗin nan ragowar dutse ne mai aman wuta, rairayinsa a wasu wurare baƙi ne ƙirin, ruwan sha ma ba ya isar mutanensa sai an tace na teku.

Da ya ke ni akawu ne, sai na ɗauki alkalami na yi lissafi. Ga kuɗin fasfo, ga na biza, ga jirgin sama da za a sauya a hanya kafin a kai Atina, ga jirgin ruwa daga can, ga masauki. Da na haɗa jimla na ga ko albashina na shekara biyu na tara ban taɓa ba, da ƙyar ya kai ni ya komo da ni. Na ce lalle hangen Dala ba shiga birni ba ne. Na ninke takardar na jefa a aljihun tebur, raina a ɓace.

Da hutuna ya zo cikin watan Disamba, na yi niyyar in kashe shi a gindin bishiya da hira. Sai mahaifiyata ta ce, "Kai da ka ke kukan ba ka da wurin zuwa, shekara nawa rabonka da kawunka a Baturiya?" Na ƙirga, shekara tara. Kunya ta sa na shirya, ba don ina so ba.

Kawu masunci ne, ya kusa saba'in. Da mu ka gama gaisawa na ba shi labarin Girka, ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "To, ɗana, tsibiri dai ba tudu ne da ruwa ya kewaye ba?" Na ce, "Shi ne, Kawu." Ya ce, "Kwanta da wuri."

Da asuba, bayan ya yi salla, mu ka shiga kwalekwale, hunturu na kaɗawa, hazo ya rufe bakin ruwa. Mu ka bi ta tsakanin bagaruwa da goruba, ruwa ya yi lif kamar madubi. Ana cikin haka gari ya waye, sai na ji wata ƙara kamar ta guguwa. Ashe tsuntsaye ne su ka tashi gaba ɗaya, har su ka tare hasken rana. Ga kirinjijiya da fitonta, ga dinya, ga zalɓe tsaye kamar mai gadi, ga balbela fari fat a kan rassa. Mu ka sauka a wani tudun yashi mai laushi, ruwa gabas da yamma, kudu da arewa. Kawu ya hura wuta ya gasa mana karfasa da tarwaɗa, ya ce, "Ga tsibirinka, Malam Akawu, ba fasfo ba biza."

A nan mu ka gamu da wani malamin daji, ya nuna mini waɗansu ƙananan agwagi masu farin zane a bisa ido. Ya ce waɗannan baƙi ne, a Turai da Rasha su ke ƙyanƙyasa. In sanyi ya matso su kan ƙetare Bahar Rum da Hamada, su iso mana wajen Oktoba, su zauna har Maris. Da yawa daga cikin irin tsuntsayen nan kuwa a tsibiran Girka su ke yada zango a kan hanya. Jama'a, ku ji fa! Ni ina nan ina ƙunar zuci don ban je Girka ba, ga masu ratsa Girka sun wuce ta sun taho ƙofar gidanmu. Sabo da su ne Filif, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona ta ƙasar Bade a 1989. Sabo da su ne kuma aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamun duniya masu daraja a 2000, Baturiya kuma a 2008. Ni ɗan Haɗeja, mai karatu da rubutu, sai da na wuce shekara talatin na ji wannan.

Amma murnata ba ta daɗe ba. Na roƙi Kawu ya kai ni wani tafki inda ya kan kai ni kamun tarwaɗa ina yaro. Ya yi shiru, ya juya kan jirgi. Da mu ka isa ban ga ruwa ba, sai kacalla, ta fi mutum tsawo, ta yi cunkus, ko sanda ba ta ratsa ta. Ya ce, "Nan ne. Gonar shinkafata kuma tana can ciki. Kifi ba ya kamuwa, jirgi ba ya wucewa, janbaki kuwa ya sami gidan kwana, daga nan ya ke tashi ya cinye ɗan abin da mu ka shuka."

Dalilin abin ba ɓoyayye ba ne. Kogin Haɗeja haɗuwar Kogin Kano ne da na Challawa, ya bi ta wurinmu, ya gamu da na Jama'are wajen Gashuwa, su nufi Tafkin Cadi. A dā ya kan cika ya batse cikin Agusta da Satumba, ya shimfiɗu a fadama, da rani kuma ya janye, ƙasa ta bushe, ciyawa ta mutu. Masunci ya samu, manomi ya samu, makiyayi ya samu, kowa da lokacinsa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai cikar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana kaɗan kaɗan har cikin rani. Kacalla kuwa ba abin da ta ke so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. In ta kafu sai ta tare laka, hanyar ruwa ta toshe, wani gari ya nutse, wani kuma ya rasa ko na ban ruwa.

Ban faɗi wannan don zargin kowa ba. Da madatsun nan Kano ke shan ruwa, da su a ke noman rani a Kura da Kadawa, mu ma muna cin shinkafar. Abin da na ke cewa shi ne, Girkawa ba su fi mu samun kyautar Allah ba, dutse ne da yashi da ruwan gishiri. Sun san darajar abinsu ne, su ka tsare shi, har duniya ta biyo su. Mu kuwa masu ilmin boko mun san sunan garuruwan Turai, ba mu san inda kifin miyarmu ke fitowa ba. Takardun koke na ƙauyukan nan ta teburinmu su ke bi. Ni da kaina na sha buga musu hatimi na jefa a fayil, ban san abin da kalmar kacalla ke nufi ga mai ita ba sai ran nan.

Sabo da haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, kowane akawu na ƙasar Haɗeja ya ware kwana uku cikin hutunsa ya je ya ga fadamar nan da idonsa, gama gani ya kori ji. Na biyu, malamai su kai yara tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da tsuntsaye su ka cika, a koya musu labarin ƙasa a bakin ruwa. Na uku, in mutanen ƙauye sun yi gayyar yankan kacalla, kamar yadda su kan yi da lauje da jirage, kada mu bar su su kaɗai. Mai kuɗi ya ba da kuɗi, mai alkalami ya kai kukansu inda za a ji.

Har yanzu ina sha'awar ganin Girka, in Allah ya hore zan je. Amma in Bagirke ya tambaye ni labarin ƙasarmu, ina so in sami abin gaya masa, ba in ce dā muna da shi ba. Na riga na yi wa Kawu alkawarin komawa ran gayya, ya ce in zo da laujena.

 Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Haɗeja.