A Kan Hanyar Kumano

Sama da shekara dubu ke nan Japanawa suna ratsa duwatsun Kii a ƙafa, suna neman albarka a wuraren bauta uku na Kumano: Hongu, Hayatama da Nachi. Har sarakunan Kyoto sun taka wannan hanya, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2004.

Ni ma na je can. Bautar da ake yi a wurin ba addinina ba ce, ban kuma rusuna ba. Amma na daɗe tsaye ina kallon masu ziyara suna wanke hannu da baki, sannan su rubuta buƙatunsu a 'yan alluna su rataye: lafiyar iyaye, haihuwa, cin jarrabawa. Irin waɗannan buƙatun nake kai wa Ubangijina kullum, shi ya sa abin ya taɓa ni ƙwarai.

Idan Allah ya kai ka can, ka rage murya. Mutane ne masu roƙo.