Bishof Ajayi Kurauda da Wasiƙar Sarkin Bida

Duk wanda ya daɗe a Sabo ya ji sunan Ajayi Kurauda (Samuel Ajayi Crowther), ko a allon makaranta ko a bakin maƙwabtanmu Yarbawa. Amma kaɗan daga cikinmu suka san cewa ɗan nan jihar Oyo ne, daga ƙauyen Oshogun da ke wajen Iseyin.

A 1821, yana ɗan yaro, mahara suka ƙone garinsu suka kama shi. A cikin maharan akwai Musulmi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa jirgin Turawan Fotugal. A 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin, suka sauke bayin a Firitawun ta Saliyo. Can ya shiga Kiristanci, ya yi karatu, ya zama fada a 1843. A 1864 aka naɗa shi bishof a Kantabari, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Angilika.

To, mutumin da aka yi wa haka, ai sai ka ɗauka zai ƙare rayuwarsa yana zagin Musulunci. Bai yi ba. Ya bi Kogin Kwara a 1841 da 1854 da 1857, ya kafa tashoshinsa a Anacha da Lakwaja, ya riƙa zuwa fadar Etsu Masaba a Bida da ladabi irin na baƙo. Yakan gargaɗi ma'aikatansa su guji gardamar da ke tunzura Musulmi. Ko da ya zo fassara Baibul zuwa Yarbanci, kalmar da ya zaɓa wa firist ita ce "alufa", wadda Yarbawa ke kiran malamanmu da ita har gobe.

Ni limami ne, aƙidarsa ba tawa ba ce, kuma da mun haɗu da na gaya masa. Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Sarkin Bida Maliki, wanda ya hau bayan 1880, da ya ga giyar Turawa tana lalata mutanensa, bishof ɗin nan ya aika wa wasiƙa, yana roƙon ya kai kuka ga Sarauniyar Ingila a daina shigo da barasa ƙasar Nufe. Ku duba fa, sarkin Musulmi ne, yana da malamai cike da fada, amma ya san wanda maganarsa za ta kai Landan, kuma ya amince ba zai ci amanarsa ba. Irin wannan yarda ba a samun ta da lasifika. Mu da muke zaune a garin mutane, coci na bayan shagonmu, wa za mu iya aika wa irin wannan takarda ran da kasuwa ta rikice? Wasu masu wa'azinmu, da nasu ma, kullum cikin habaici suke, sai rigima ta tashi a fara neman lambar wayar fasto.

Ƙarshensa da ban tausayi. A 1890 wasu samarin mishan daga Ingila suka zo suka ce aikin baƙaƙen fata bai yi ba, suka dakatar da ma'aikatansa a gabansa a wani taro a Anacha, har da ɗansa Dandeson. Tsoho mai shekara sama da 80 ya sha wannan wulaƙanci a hannun 'yan cocinsa. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891, aka ba Bature kujerarsa.