Tukubar Gado A Kutemeshi

Kutemeshi gari ne na manoma a gabashin ƙasar Birnin Gwari, cikin Jihar Kaduna. Maƙwabtansa su ne Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa, watau ɓangaren da yake fuskantar Funtuwa da iyakar Jihar Katsina. Ƙasar tana da albarkar noma ƙwarai, musamman masara da dawa. Dazuzzukan Birnin Gwari kuma, irin su Kamuku, sun daɗe suna ciyar da shanun Fulani. Inda hatsi da shanu suka haɗu kuwa, ba a rasa kasuwa, inda kasuwa take kuma ba a rasa mahauci.

Mai karatu, idan ka isa garin da la'asar sakaliya, ƙanshi ne zai kai ka wurin da nake so in ba ka labarinsa. Ba gini ba ne mai ƙofar gilashi. Rumfa ce da tebur da benci, da tukuba, watau tudun toka da ƙasa mai wuta a tsakiya, an kakkafa tsinkayen tsire kewaye da ita. Mai wurin dattijo ne, ya gāji sana'ar daga ubansa, uban kuma daga kakansa. Irin gidajen nan ake kira Rundawa, shugabansu kuwa a kowane gari shi ne Sarkin Fawa.

Na ce masa, "Baba, yaushe aka fara kunna wutar nan?"

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ni dai na buɗe ido na tarar da ita tana ci."

A zamanin kakansa, in ji shi, ba kullum ake yanka ba, sai ranar kasuwa. Akan sayi sa ɗaya daga hannun makiyayi, sau da yawa bashi, a biya bayan an sayar. Ba takarda, ba sa hannu, amana ce kawai. Tsinke ɗaya kwabo ne ko sisi. Ubansa ne ya ga canjin kuɗi na 1973, sa'ad da naira ta maye gurbin fam da sule. Shi ne kuma ya sha wuyar bushiya ta 1983, cutar da ta hallaka shanu masu ɗimbin yawa a arewacin Nijeriya. A shekarar nan gidan ya koma yanka awaki da tumaki, amma wuta ba ta mutu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kowa a gidan yake da hannu a cikin tsinke guda. Maigida ne yake zaɓen dabba, gama da ya taɓa ƙugun sa ya san yawan naman da zai bayar. Babban ɗa yana yanka naman falle-falle. Mata a cikin gida suna soya gyaɗa, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli, su daka shi tare da citta da barkono da masoro da kanumfari. Wannan haɗin yaji shi ne asirin gida, uwa takan koya wa surukarta, ba a faɗa wa baƙo. Yara kuwa da feƙe tsinke suke farawa, sa'an nan tsira nama, sa'an nan tallar tire. Sai yaro ya yi shekaru kafin a yarda ya tsaya gaban wuta shi kaɗai. Ban da tsire akwai balangu, wanda ake gasawa gunduwa-gunduwa a kan raga, da kilishi na rani wanda matafiya suke saya don tsaraba.

To, sai masifa ta zo daga inda arziki yake fitowa, watau daji. Abin ya faro da satar shanu, ya zama fashi a kan hanya, ya koma sace mutane don kuɗin fansa. A watan Oktoba na 2012 aka kashe mutane da dama a Dogon Dawa. Babbar kasuwar shanu ta Birnin Gwari, wadda ake kira kara, ta tsaya cik wajen shekara goma. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka afka wa Kutemeshi kanta, suka kashe mutum 14. A cikin shekarar ne kuma gwamnatin jiha, don ta toshe wa ɓarayi hanyar samun abinci da kuɗi, ta dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da waɗansu ƙananan hukumomi, ta hana safarar dabbobi, ta hana saran itace da yin gawayi, har aka katse layin waya na ɗan lokaci.

Ka duba, mai karatu, me ya rage wa mai tukuba? Ba sa, ba itace, ba kasuwa, ba mai saye, gama tun magariba kowa ya rufe ƙofa. Mahauci mai tsoron Allah kuma yana da wata damuwa: idan an kawo masa sa da araha, yaya zai san ba na sata ba ne? Dattijon ya ce mini ya gwammace ya kwana da yunwa da ya gasa naman hawayen wani. Abin da bushiya ba ta yi ba, mutum ya yi: aka yi watanni tukubar tana sanyi. Samarin gidan suka watse, wani ya tafi Zariya, wani Kaduna, wani Abuja, suna gasa nama a ƙarƙashin waɗansu iyayen gida.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da aka ƙulla, Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe karar shanu. Manyan motoci suka koma lodin dabbobi zuwa kudu, mahauta kuma suka sami inda za su yi ciniki a fili, gaban dillali da shaidu. Wuta ta sake kamawa a rumfar dattijon. Amma ɗaya ne kaɗai cikin 'ya'yansa ya komo. Sauran sun saba da cinikin birni, ba su kuwa manta da daren da suka gudu ba.

Ga abin lura ga iyaye. Sana'ar gado ba a gādonta kamar gona, wadda za a bari shekara biyar a komo a tarar da ita. Tana zaune ne a hannu da ido da hanci, kuma sai yaro ya tsaya kusa da babba kowace rana kafin ta shige shi. Idan tsara ɗaya ta tsallake, shi ke nan. Saboda haka duk wanda hanya ta bi da shi ta wannan ƙasa, ya ga hayaƙin tukuba da yamma, ya tsaya ya sayi ko tsinke biyu ne. Kuɗin nan zai kai ga makiyayi, da mai dakan ƙuli-ƙuli, da yaron da yake koyon feƙe tsinke. Allah ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, amin.