Jingar Tsakar Gida da Takardar da Na Ji Kunyar Fitarwa

 

A watan Janairun 2024 na yanke shawarar gyara tsakar gidanmu. Duk damina ruwa kan kwanta a ƙofar ɗakin mahaifiyata, da rani kuma kuɗin 'yan garuwa ya cinye mu. Abin da nake so shi ne a daɓe tsakar gidan da siminti, a kafa wa Hajiya rumfar kwano inda za ta riƙa shan iska, sannan a gina ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa can bayan gida, mita 2 tsawo, 2 faɗi, 2 zurfi, wato mai cin lita 8,000. Kuɗin kuwa adashin shekara biyu ne, haɗe da abin da mai ɗakina ta samu da ta sayar da 'yan kunnenta na aure.

Maginin da na ɗauka dattijo ne, ba ya rasa sahun farko a masallacin unguwa, 'ya'yansa biyu kuma ɗalibaina ne a Islamiyya. Muka yi jinga: kuɗi dunƙule, kaya da aiki duk a wuyansa. A daren da ya gabata na rubuta sharuɗɗa a takarda na sa a aljihu. Da na fara zancen rubutu sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Malam, tsakanina da kai har sai an kai ga alƙalami?" Kunya ta kama ni. Na ce, "Shi ke nan, Baba," na miƙa masa kashi biyu bisa uku na kuɗin, takarda ta kwana a aljihu.

Abin takaicin shi ne a wannan zangon karatun babin ciniki nake koyar da manyan ɗalibai. Ni ne nake gaya musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ni ne nake bambance musu ijara, inda kai za ka sayi kaya ka biya ladan aiki kawai, da istisna'i, inda mai sana'a ke kawo kayan da aikin baki ɗaya. Malaman Hanafiyya sun halatta na biyun saboda mutane sun saba da shi, Malikiyya kuwa suna auna shi da sharuɗɗan salam. A 1992 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta zartar cewa wannan ƙulli yana lizimtar ɓangarorin biyu matuƙar an fayyace nau'in abin da za a yi, da yawansa, da siffarsa, da wa'adinsa, har ma ta yarda a sa sharaɗin tara idan an saɓa. Duk wannan na san shi da ka, amma ko ɗaya ban fayyace wa Baba ba.

Sai ga Fabrairu, buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama, alhali da muka yi ciniki bai fi rabin haka da ɗoriya ba. Baba ya zo ya ce kuɗi ba za su kai ba. Na ce masa jinga jinga ce, da farashin ya faɗi ai ba zai maido mini da canji ba. Bai yi musu ba, ya koma bakin aiki. Daga baya wani lebura ya shaida mini cewa tun daga ranar aka ƙara yawan kwanon yashi a kan kowane buhu. Ban-ruwa kuma aka yi masa riƙon sakainar kashi. Siminti yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, ƙarfinsa ba ya kankama sai wajen kwana 28, ga shi kuwa iskar hunturu tana busar da shi tun bai kama ba. Amma ruwa a unguwarmu kuɗi ne, kuma ba mu taɓa faɗin wanda zai saye shi ba. Shi yana jira na, ni ina jiransa.

Da aka gama muka sayi ruwan tanka aka cika ma'ajiyar. Cikin kwana uku ya sauka fiye da kamu ɗaya ba tare da an ɗebi ko guga ba. Daɓen ya fara tsagewa kamar ƙasar fadama da rani. Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar murfi. Baba ya ce murfin ƙarfe aikin mai walda ne, ba ya cikin jinga, sai aka gitta katako biyu a bakin ramin. Wata Laraba da la'asar mai ɗakina ta tarar da 'yarmu mai shekara uku kwance rub-da-ciki a bakinsa, ta ture katako ɗaya, tana leƙen fuskarta a cikin ruwa. A daren nan ban runtsa ba, kuma na rasa wanda zan ji haushi.

Na kai ƙara wurin limaminmu ina da yaƙinin cewa ni ne mai gaskiya. Ya sa kowa ya faɗi abin da aka yi yarjejeniya a kai, sai ga labari biyu mabambanta, kuma na lura babu mai ƙarya a cikinmu: kowa ya cike gurbin da aka bari da abin da ya fi masa sauƙi. Liman ya tambaye ni ko na canza wani abu bayan an fara aiki. Na tuna na sa an ƙara tsawon rumfar da taku huɗu, an kuma yi wa Hajiya matakala, ban ƙara ko sisi ba, don a ganina ƙaramin abu ne. Ya juya ga Baba ya ce rage siminti a ɓoye ha'inci ne ko da an matsa masa, hanyar da ta dace ita ce ya ajiye cokalin gini ya faɗi gaskiya. Dattijon ya sunkuyar da kai. Ni ma ban iya ɗaga nawa ba, domin na san ranar da ya zo da gaskiyar tasa ni na rufe masa ƙofa.

Aka yi sulhu a rubuce. Siminti da ruwa a kaina, sake filastar ma'ajiyar a kansa ba lada, murfin ƙarfe mai kwaɗo mu raba kuɗinsa, cikon kuɗinsa kuma sai ruwa ya kwana bakwai bai ragu ba. Shaidu biyu suka sa hannu, shi ya rubuta sunansa da ajami. Gyaran ya ci mini kusan albashin wata biyu.

Ma'ajiyar ta riƙe ruwa, makullin murfin yana rataye a ɗakin Hajiya. Tsagar daɓen tana nan daga bakin rariya zuwa gindin rumfa, ban sami halin gyara ta ba. 'Ya'yan Baba ba su daina zuwa makaranta ba, muna kuma gaisawa bayan Asuba, sai dai gaisuwar ba ta kai tsawon ta da ba.